Ciwon Dajin Fata da Ya Yaɗu: Haɗa Maganin Homon da Kemo, Inda Aka Faro da Inda Aka Kwana

Duk gidan da aka taɓa jinyar mai ciwon dajin nono an san tamoxifen, 'yar ƙwayar nan da ake sha kullum har shekara biyar ko goma bayan an gama tiyata da kemo. Ba ta da tsada, kuma ta ceci mata masu yawa. Shi ya sa idan likita ya ce wa wani cikin 'yan'uwanmu mazauna Malaz ko Bat'ha ko Manfuha ciwon dajin fatarsa ya yaɗu, ba a rasa mai tambaya: me zai hana a haɗa masa wannan ƙwaya da kemo, kamar yadda aka yi wa wance ta samu sauƙi? Tambayar tana kan hanya, domin likitoci ma sun yi ta, kuma sun kwashe kusan shekara ashirin suna gwadawa a Amurka da Italiya da Kanada. Amsar da suka samu ita ce haɗin bai ƙara wa marasa lafiya tsawon kwana ba, kuma yau ba ya cikin maganin da ake fara ba mai wannan ciwo.

Wane ciwon ake nufi

Ciwon dajin fata iri-iri ne. Wanda aka gwada wa wannan haɗi shi ne melanoma, wanda ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launinta. A asibitocin Riyad za a ji likita ya ce saraɗanul jild, ko ya ambaci melanoma kai tsaye. Idan aka ce ya yi nisa, ana nufin ko dai ya kama kaluluwa da naman kusa yadda wuƙa ba za ta iya kwashe shi duka ba, ko kuma ya bi jini ya sauka a huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wannan na ƙarshen shi ne mataki na huɗu.

Akwai wasu nau'o'in da suka fi melanoma yawa a tsakaninmu, kuma kada a cakuɗa su da shi. Akwai wanda ke fitowa a fuska da kunne da wuyan zabiya saboda rana, akwai wanda ke tsirowa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya ƙi warkewa, akwai kuma Kaposi da ke yawan zuwa wa masu raunin garkuwar jiki. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda ake yi wa maganin homon a cikinsu.

Me ya sa aka yi tunanin homon

Homon wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa, jini ya ɗauke shi ya kai saƙo wata gaɓa. Wasu cututtukan daji da shi suke rayuwa. Yawancin dajin nono da istirojin yake girma, wato homon ɗin mata, dajin mafitsara na maza kuma da homon ɗin maza. Idan aka toshe wa ciwon wannan abinci sai ya tsaya ko ya motse. Aikin tamoxifen ke nan: tana zuwa ta zauna a gurbin da istirojin ke shiga cikin ƙwayar ciwon, ta hana shi wuri. Kamfanin ICI na Ingila ne ya haɗa ta a shekarun 1960, da niyyar ta zama maganin hana ɗaukar ciki, sai ta ɓulle a wani wajen. An amince a riƙa ba masu dajin nono ita a Ingila a 1973, Amurka ta amince da ita a 1977.

Likitocin melanoma sun daɗe da lura cewa mata masu wannan ciwo sun fi maza daɗewa a raye. A 1976 wasu masu bincike a Amurka suka ba da rahoton cewa sun ga alamar gurbin istirojin a cikin naman melanoma. Ga kuma halin da ake ciki a lokacin: maganin kemo guda ɗaya da ake taƙama da shi, dacarbazine, wanda aka amince da shi a 1975, ba ya motsar da ciwon sai a jikin mutum ɗaya ko biyu cikin goma, shi ma na 'yan watanni. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Da aka gwada tamoxifen ita kaɗai ba ta yi wani abin kirki ba, sai aka koma tunanin ko za ta ƙara wa kemo kaifi idan an haɗa su.

Haɗin Dartmouth da gwajin Italiya

A 1984 likitocin Dartmouth, a jihar New Hampshire ta Amurka, suka haɗa magani huɗu: dacarbazine, cisplatin, carmustine, da tamoxifen. Cikin marasa lafiya 20 da suka ba, ciwon ya ragu a jikin 11. Wannan ya girgiza fannin, domin ba a saba ganin irin haka a melanoma ba, kuma haɗin ya bazu da sunan Dartmouth.

Abin da ya ƙara wa mutane yaƙini ya zo ne daga Filadelfiya. Likitocin can sun ga marasa lafiyarsu na samun daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wani lokaci gudan jinin ya wuce huhu, suka zargi tamoxifen suka cire ta. Da suka cire ta sai yawan waɗanda ciwonsu ke raguwa ya faɗo daga kusan rabi zuwa kashi 10 cikin 100. Kowa ya ce ai ga sirrin nan.

Sai kuma a 1992 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga gwajin da Giorgio Cocconi da abokan aikinsa suka yi a Italiya a kan marasa lafiya 117, waɗanda aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Masu dacarbazine kaɗai, ciwon ya ragu a kashi 12 cikin 100. Masu dacarbazine da tamoxifen, kashi 28. Matsakaicin kwanan da suka yi a raye mako 29 ne a gida na farko, mako 48 a na biyu, kuma mata ne suka fi cin ribar. Wannan shi ne rahoton da har gobe ake cin karo da shi a intanet, kuma wanda ya karanta shi shi kaɗai zai rantse an sami magani.

Da aka faɗaɗa gwaji

A nan labarin ya juya. A 1996 masu binciken daji na ƙasar Kanada suka buga gwaji a kan mutum sama da 200. Kowa ya sami magungunan kemo uku na Dartmouth, amma rabi aka ba su tamoxifen, rabi aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a cikinta, ba tare da maras lafiya ko likitansa ya san wace aka ba shi ba. Ba a ga bambancin da za a dogara da shi ba, a raguwar ciwo ko a tsawon kwana. A 1998 wani gwajin a kan mutum sama da 250 ya sake ƙara tamoxifen a kan dacarbazine, kamar dai yadda 'yan Italiya suka yi, bai ga ribar da suka gani ba.

Wanda ya rufe ƙofar shi ne na 1999, ƙarƙashin Paul Chapman na asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke New York. Mutum 240, rabi haɗin Dartmouth gaba ɗaya, rabi dacarbazine kaɗai. Ciwon ya ragu a kusan kashi 18 na masu haɗin, da kashi 10 na masu magani ɗaya, nesa ƙwarai da rabin da aka yi ta faɗa a farko. Tsawon kwana kuwa bai bambanta ba: kimanin wata bakwai a kowane gida. Abin da masu haɗin suka samu fiye da 'yan'uwansu shi ne wahala, wato amai, kasala, da durƙushewar ɓargo har jini ya yi ƙasa. A 2003 aka tattara gwaje-gwaje shida masu ɗauke da mutum 912 aka auna su wuri guda, sakamakon bai sauya ba.

Mai karatu zai ce, to ina rabin nan na farko ya tafi? Gwaji a kan mutum 20 a asibiti ɗaya yana iya faɗawa kan waɗanda jikinsu ke da ƙarfi, ko waɗanda ciwonsu ya sauka a fata da huhu, inda kemo ya fi tasiri, maimakon hanta da ƙwaƙwalwa. Sai an raba mutane da yawa da ƙuri'a ake gane aikin magani daga aikin sa'a. Abu na biyu, wanda ya kamata duk mai jinya ya riƙe: raguwar ƙullutu a hoton asibiti daban, ƙarin kwana daban. Ƙullutu na iya motsewa wata biyu ya dawo da ƙarfinsa. Daga baya ma, da aka gano a 1996 cewa gurbin istirojin iri biyu ne, sai bincike ya nuna wanda ya fi yawa a melanoma ba shi ne wanda dajin nono ke dogara da shi ba. Ma'ana tun tushe an ɗora ginin a kan kamanni.

Ita kanta tamoxifen ba alewa ba ce. Tana kawo zafin jiki da gumi, tana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, tana iya kaurara bangon mahaifa har a wasu lokuta ta jawo dajin mahaifa, kuma ba ta dace da mai ciki ba. Mai dajin nono tana ɗaukar wannan haɗari ne don ribar ta fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Mai melanoma da aka ɗebo masa ragowar ƙwayoyin wata 'yar'uwa, shi haɗarin kawai ya ɗauka, ga shi dama ciwon daji na sa jini saurin daskarewa, ga kuma doguwar zama a jirgi idan zai koma Akra ko Kano. Al'adarmu ta taimakon juna da ragowar magani, wadda ba ta da laifi sosai a kan ciwon kai, a nan tana iya kisa.

Abin da ya maye gurbinsa

Daga 2011 fannin ya canza gaba ɗaya, ta hanyoyi biyu.

Ta farko ita ce zaburar da garkuwar jiki, abin da likitocin nan ke kira ilaj mana'i, kamar yadda suke kiran kemo ilaj kimawi, maganin homon kuma ilaj hurmuni. Sojojin jini suna da wani birki da ke hana su afka wa jikin mai su, melanoma kuma ya ƙware wajen taka musu wannan birki don su ƙyale shi. Magungunan ipilimumab, da aka amince da shi a 2011, da pembrolizumab da nivolumab na 2014, suna sakin birkin ne. James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Japan sun sami kyautar Nobel a 2018 a kan wannan ilimi. Da aka gwada nivolumab kai tsaye da dacarbazine, bayan shekara guda kusan kashi 73 na masu sabon maganin suna raye, masu tsohon kuma kashi 42. A 2024 aka fitar da sakamakon shekara goma na wani babban gwaji: cikin waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab, kusan kashi 43 suna nan da ransu. A tuna, a 1999 lissafin wata bakwai ake yi. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya sanar a 2015, yana da shekara 90, cewa melanoma ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. An yi masa tiyata da gashi, aka sa shi a kan pembrolizumab, bai rasu ba sai a Disambar 2024 yana da shekara 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka wannan rukunin magani cikin jerin magungunan da ba a rasa su a 2019.

Ta biyu ƙwayoyi ne da ake sha, masu auna wata tawaya a ƙwayar halittar ciwon da ake kira BRAF. Vemurafenib ne ya fara a 2011, yanzu an fi haɗa biyu, kamar dabrafenib da trametinib. Suna aiki da sauri, amma sai ga wanda gwaji ya nuna ciwonsa na da wannan tawaya.

Kemo bai mutu ba. Ana komawa ga dacarbazine, ko temozolomide, ko carboplatin da paclitaxel idan sababbin sun gaza, ko jiki bai ɗauke su ba, ko babu halin sayensu, domin tsadarsu ta wuce misali ga mai biya daga aljihu. A irin wannan hali manufar ita ce rage zafi da nauyin ciwo, kuma ƙara tamoxifen a kai ba zai sauya lissafin ba.

Wani abu da ke rikita masu jinya: za a iya ganin homon a takardar maganin mai melanoma, a ɗauka ai ga shi ana yi. Dexamethasone da ake bayarwa tare da kemo don hana amai ne, ko rage kumburin ƙwaƙwalwa. Maganin zaburar da garkuwa kuma kan sa sojojin jini su taɓa maƙoƙo ko wasu gaɓoɓin da ke yin homon, sai a ba mutum thyroxine ko hydrocortisone don cike abin da ya rasa, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Waɗannan ba a daina su da ka. Haka nan zawo mai yawa, tari da sarƙewar numfashi, ko idanu su yi rawaya a lokacin wannan magani, ba abin jira ba ne har ranar ganin likita. A je sashen gaggawa a faɗi sunan maganin da ake karɓa.

Inda abin ya shafe mu

Yawancin waɗannan alƙaluma daga Turawa aka samo su, waɗanda melanoma ke fito musu a baya ko ƙafa saboda rana. Baƙar fata ba ta cika kamuwa da wannan ba. Namu ya fi fitowa inda rana ba ta kai: tafin ƙafa, dunduniya, tsakanin yatsu, tafin hannu, ƙarƙashin farce. Wannan nau'in bai cika ɗaukar tawayar BRAF ba, kusan ɗaya ne cikin biyar ko ƙasa da haka, alhali a na Turawa ta kusa rabi. Kuma bai kai nasu jin maganin zaburar da garkuwa ba, ko da yake yana ji, kuma shi ɗin ne dai ake farawa da shi. Ma'anar wannan a fili take: abin da magani zai yi mana bayan ciwo ya yaɗu bai kai abin da zai yi musu ba, don haka ribar gano shi da wuri ta fi girma a wajenmu.

Mu ne kuma muka fi makara. A Amurka, inda kusan kashi 94 na Turawa masu melanoma ke kai shekara biyar, baƙaƙe kusan kashi 70 ne, kuma babban dalili shi ne ana gano nasu a makare. Bob Marley misali ne da kowane ɗan zango ya sani: a 1977 aka ga baƙin tabo a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara ɗauka raunin ƙwallo ne, bai yarda a yanke yatsan ba, ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36.

A wajenmu tabon yakan ɓuya a cikin faso da kaushi. Direba ko mai gadi ko mai aikin gini zai ce takalmi ne, ko ƙusa ya taka, ko tusar jaki ce, a yi ta yankewa da reza ana shafa man zafi. Mai ciwon sukari a ce masa gyambon sukari ne. Abin lura shi ne baƙin tabo ko tawadar Allah da ke faɗaɗa, gefenta ba daidai ba, launinta ya cakuɗe, ko ta fara tsagewa tana jini. Baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi ko ya malalo kan fatar gefen farcen. Miki a tafin ƙafa da ya wuce wata guda bai warke ba. Ko kaluluwa mai tauri a matsematsi a gefen ƙafar da ke da tabo. Likitoci na auna zurfin ciwon da milimita: wanda bai kai milimita ɗaya ba, tiyata kaɗai takan gama da shi, wanda ya haura huɗu kuwa sau da yawa ya riga ya aika saƙo gaba. Muna wanke ƙafa sau biyar a rana muna tsettsefe yatsu. Ɗaga tafin a dube shi a cikin haske sau ɗaya a wata ba zai ci minti guda ba, tsoho kuma a sa yaro ya duba masa.

Neman magani daga Malaz

Manyan cibiyoyin daji na Riyad sun haɗa da Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal, wanda aka buɗe a 1975, da Birnin Lafiya na Sarki Fahad. Ba a shiga irin waɗannan da ƙafa kawai, sai da takardar turawa da cika sharuɗɗan cancanta. Asibitin Jami'an Tsaro da ke cikin Malaz, a kan titin Salahuddin da aka fi sani da Sittin, na ma'aikatan Ma'aikatar Cikin Gida ne da iyalansu. Ga yawancinmu masu iƙama da ke aiki a kamfani, hanyar ita ce ta'amin ɗin da doka ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi: a fara da likitan fata a asibitin da katin ya ƙunsa, shi zai yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, sannan ya tura wajen likitan daji. Masu aikin gida ƙa'idarsu ta bambanta, gara a zauna da kafil tun kafin ciwo a san me aka tanada. Idan kamfanin ta'amin ya ƙi amincewa da magani, ana iya kai ƙara, lambar 937 kuma ta Ma'aikatar Lafiya ce don neman shawara.

A gaban likitan daji, wanda ya raka maras lafiya ya tambayi sunan ciwon daidai da matakinsa, ko an yi gwajin BRAF, ko maganin zaburar da garkuwa zai yiwu, idan ba zai yiwu ba mene ne dalili, sannan manufar maganin da za a fara: warkarwa ce, ƙarin kwana ne, ko rage wahala. Wanda Larabcinsa ko Turancinsa bai kai ba ya nemi tafinta, kada ya yi ta gyaɗa kai don kunya. A kuma faɗa wa likita duk wani jiƙo ko garin magani da aka aiko daga gida, domin wasunsu na wahalar da hanta, hantar da maganin asibiti ke buƙata.

Da yawa daga cikinmu idan ciwo ya yi tsanani gida suke so, kuma wani lokacin ƙarewar kwantiragi ce ke yanke hukuncin. A Gana ana kula da masu daji a Korle Bu da ke Akra da Komfo Anokye da ke Kumasi. A arewacin Najeriya akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Kafin a karɓi bizar fita, a nemi cikakken rahoton likita da Turanci, da sakamakon gwajin nama, da hotunan da aka ɗauka a kan faifai, da jerin magungunan da aka karɓa da ranakunsu. A roƙi ɗakin gwaji su ba da gilasan da suka duba da ɗan curin kakin da aka adana naman a ciki. Bai fi akwatin ashana ba, kuma da shi likitan gida zai iya sake dubawa ko ya aika a yi gwajin BRAF ba tare da an sake yanka mutum ba.